Bayan guguwa: launin kwano ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba

Daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, hadarin farkon damina kan riga ruwa isowa Arewa da iska mai ƙarfi, kuma da wuya shekara ta wuce ba a ji ta kwashe rufin gidaje da makarantu a wani gari ba. Mutanen Bauchi ba su manta da ta watan Yunin 2018 ba, wadda ta yi sanadin rasa rayuka, har sai da Shugaba Muhammadu Buhari ya je jaje. Idan ƙura ta lafa, magidanci kan tsinci guntun kwanon da iska ta yar, ya nufi kasuwar kayan gini irin ta Ƙofar Ruwa a Kano, tambayarsa ta farko kuwa ita ce ko akwai mai wannan kalar. A ganina tambayar tana da muhalli, amma an sa ta a gaba alhali a baya take. Kafin launi akwai ƙirar kwanon, da irin ƙarfensa, da kaurinsa, da katakon da zai hau, kuma waɗannan ne za su nuna ko gyaran zai kai baɗi.

Ƙira ce ta fi saurin tona asirin gyara. Kowane kwano yana da tudu da kwari, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta bambanta daga masana'anta zuwa masana'anta, musamman a dogon kwanon alminiyom da ake yankawa gwargwadon tsawon rufi. Idan tazarar sabon ta saɓa da ta tsohon ko da kaɗan ne, ba za su kwanta a kan juna ba. Kafinta mai gaggawa sai ya danne da guduma ya ƙara ƙusa, a ido aiki ya yi, amma ƙofa ta saura a wurin haɗin. Ta nan ruwan da iska ke korowa zai bi ya jiƙa silin, ta nan kuma iskar gaba za ta samu bakin kamawa. Saboda haka guntun da ake kai wa mai shago ya zama mai cikakken faɗi, a kifa shi a kan sabon a ga ko sun zauna daram.

Batun ƙarfe ya fi ɓoyuwa, shi ya sa ya fi cutarwa. Abin da muke kira kwano iri uku ne a ƙalla. Akwai na gargajiya, baƙin ƙarfe da aka lulluɓe da zinc. Akwai aluzinc, wanda kamfanin Bethlehem Steel na Amurka ya fito da shi kasuwa a 1972, shi ma ƙarfe ne amma kashi 55 cikin ɗari na rufin jikinsa alminiyom ne. Sai kuma zallar alminiyom. Idan ƙarafa mabambanta suka haɗu ga kuma laima, ɗaya kan ci ɗaya, shi ya sa ƙusar ƙarfe maras kariya a jikin alminiyom take haifar da zoben lalacewa kewaye da ita har ramin ya buɗe. Wani abin da ba kowane kafinta ya sani ba shi ne, ruwan da ya gangaro daga aluzinc ko alminiyom ko kwano mai fenti ya zuba a kan kwanon zinc maras fenti yana saurin cinye kariyarsa. Wanda ya sa sabon aluzinc a sama, kusa da doron rufi, ya bar tsohon kwano a ƙasansa, zai ga jan layin tsatsa yana bin hanyar ruwan, ya ɗauka tsufa ne kawai. Haka nan alminiyom yana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, kuma a ƙasar da ranar Afrilu ke sa kwano ya gagari taɓawa, wannan motsi na kullum yana sassauta ƙusa a wurin da aka ɗinke su tare. Ga masu binne bakin kwano cikin katanga, ɗanyen siminti yana cin alminiyom da aluzinc idan ba a raba su da wani abu ba.

Kauri kuma sai an auna. Ana sayar da alminiyom a kan milimita 0.45 ko 0.55, amma abin da aka faɗa da baki ba lallai ne ya zama abin da ke cikin bandir ba, kuma mai saye yana da haƙƙin a sa ma'auni a gabansa. Siririn kwano a tsakiyar masu kauri shi zai fara yagewa ta kan ƙusa. Sannan a tambayi abin da ya sa iska ta ɗauke wannan ɓangaren ta bar wancan. Iska tana tsotsar rufi sama, kuma ta fi ƙarfi a kusurwoyi da gefuna da doro. Sau da yawa kwanon lafiyarsa ƙalau, katakon ne gara ta cinye, ko kuma ba a ɗaure shi da katanga da langalanga ko rodi ba tun farko. Ɗora sabon kwano a kan irin wannan katako, ana bin tsofaffin ramukan ƙusa, asarar kuɗi ce.

Za a ce ai launi ma ba abin rainawa ba ne, kuma na yarda. Gida sutura ne, babu mai son a hango rufinsa kamar riga mai faci, mai gidan haya kuwa ya san hakan na taɓa darajar gidansa. Sai dai launi ba ya kamuwa. Rana da ƙurar hunturu sun riga sun koɗar da tsohon fenti, ko da masana'anta ɗaya ta buga su, sabon zai fita daban. Mafitar da ta fi ita ce a sabunta gefe guda ɗungurungum daga doro zuwa baki, a kwashe lafiyayyun tsofaffin kwanukan wannan gefen a cike gurbin ɗaya gefen da su. Kowane gefe ya zama iri ɗaya a launi da ƙira da ƙarfe, kuma wannan dabara ita ce amsar wanda ya tarar an daina buga irin kwanonsa.

Hujja mafi nauyi ita ce ta talauci. Mutumin da iyalinsa ke kwana a fili, hadari na haɗuwa kullum da yamma, ba zai tsaya zaɓe ba, abin da hannunsa ya kai shi zai saya. Ba na ganin laifinsa, kuma tamfol ko leda mai kauri na kwana biyu sun fi gyaran gaggawa da zai sake biya baɗi. Amma a nan ne nauyi ke komawa kan hukumomin agaji, NEMA da takwarorinta na jihohi. An saba ganin an jibge bandir-bandir na kwano, kowanne falle 20, an raba wa mutane iri ɗaya ba tare da an duba abin da ke kan gidajensu ba. Jami'an da ke zagayawa ƙidayar gidajen da suka lalace suna iya rubuta irin kwanon kowane gida da halin katakonsa a takarda guda, ba tare da ƙarin kashe kuɗi ba. Kayan agajin su haɗa da katako da ƙusa mai hula da abin ɗaure rufi, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta auna kaurin kwanon kafin a raba, a kuma ɗauki kafintocin unguwa aiki a nuna musu yadda ake ƙara ƙusa a gefuna da kusurwoyi, tun da su ne za su hau rufin.