Baƙo Na Ɗauka, Ɗan Gari Na Kallo

'Yan'uwana ɗaliban harshe, akwai wata ɗabi'a ta baƙin da aiki ke kawowa ƙasashenmu wadda muke yi wa dariya. Ranar hutunsu, sai ka ga mutum ya rataya kyamara ya nufi kasuwa ko bakin kogi shi kaɗai, yana ɗaukar abin da mu muke wucewa ko waiwaye babu. A ra'ayina wannan ba aikin banza ba ne, kuma lokaci ya yi da za mu karɓe shi daga hannun baƙo.

Mu ɗauki misalin Jean Rouch, Bafaranshen da ya zo Nijar a 1941. Injiniya ne, aikin hanya ya kawo shi, ba fim ba. Sha'awar al'adun mutanen bakin kogin Kwara ce ta sa ya dawo a 1946 da 'yar ƙaramar kyamara, shi da abokansa biyu suka bi kogin cikin kwale-kwale. Daga nan ya yi finafinai sama da 100. A Abijan ya gamu da Oumarou Ganda, ɗan Nijar mai ci-rani, ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Shi kuwa Ganda bai tsaya a gaban kyamara ba, ya koma bayanta, har ya ci babbar kyautar Fespaco a Wagadugu a 1972. Rouch ya rasu a 2004 a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni.

Wani zai ce to ai baƙo ya hutar da mu. Ko kusa! Fim ɗinsa na 1955 a kan 'yan borin Hauka a ƙasar Gana ya ɓata wa 'yan Afirka da dama rai, har Ousmane Sembène na Senegal ya zarge shi da kallon baƙar fata kamar ƙwari. Baƙo yakan ɗauki abin da ya ba shi mamaki ne, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Darasinmu yana wurin Ganda, wanda ya koyi sana'ar ya ba da labarinsa da kansa.

Yanzu mu dawo gida. A ƙasar Yana, hedikwatar ƙaramar hukumar Shira, an taɓa yin harshen Shiranci, ɗan'uwan Badanci da Ngizimanci. Yau ya mutu, kamar yadda Teshenanci da Auyokanci suka mutu. 'Yan jerin kalmomi kawai suka saura a takarda, babu muryar da za mu saurara. Zanen da ke jikin duwatsun Shira yana nan saboda dutse ne, amma harshe numfashi ne, yana tafiya da mai shi. Shin muna da tabbacin Guddirancin Azare da Katagum zai tsira da kamanninsa, alhali yara na tasowa da Kananci a kunne ta rediyo da finafinan Kano?

Abin da Rouch ya sha wahalar ɗauka da fim mai tsada, yau wayar da ke aljihunka za ta ɗauka. Don haka idan an yi hutu, ware yini ɗaya. Je wurin kakarka ko wani tsohon maƙeri, nemi izininsu tukuna, ka bar su su yi magana yadda suka saba, kada ka gyara musu Hausa. Rubuta suna da gari da rana, ka juye maganar a takarda, sannan ka kai wa sashe kwafi a adana. Ga kayan kundin digiri a sauƙaƙe, ga kuma gado ga na baya.

Gani ya kori ji. Idan muka yi sakaci, jikokinmu za su nemi muryar kakanninsu a ɗakunan ajiya na Faransa da Ingila, in ma an dace wani baƙo ya ɗauka. Allah ya sa mu farga.