Launin Fata A Can, Nisan Hanya A Nan

A Amurka, alƙaluman hukumar CDC sun nuna cewa haɗarin mutuwar baƙar mace ta sanadin ciki ko haihuwa ya kusa ninka na farar mace sau uku, kuma digiri ko dukiya ba sa goge wannan tazara. Ko Serena Williams, gwanar wasan tanis, sai da ta nace kafin a duba huhunta bayan ta haihu a 2017, aka kuwa tarar da gudan jini.

Mu a nan launinmu ɗaya, amma tazarar tana nan daram. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a kudu maso gabas fiye da kashi 80 cikin ɗari na haihuwa a hannun ƙwararru ake yi, a arewa maso yamma kuwa ba a kai kashi 20 ba. Tun 1985 Farfesa Kelsey Harrison ya fitar da nazarin haihuwa 22,774 a Zariya, inda ya gano cewa mutuwa ta fi yi wa matan da ba su je awo ba ɗauki ɗai-ɗai, akasarinsu waɗanda ba su yi makaranta ba. Shekara arba'in ke nan muna maimaita karatu ɗaya.

Dubi ƙauyukan Faskari, Sabuwa da Dandume. Naƙuda ta zo da dare, ungozoma ta yi iyakar ƙoƙarinta, jini ya ɓalle. Mai gida ba ya nan, babu mai ba da izini. In an samu izini, wane direba zai bi hanyar daji da tsakar dare saboda 'yan bindiga? Kafin a isa asibitin Funtua ko na Malumfashi gari ya waye, sannan a shiga neman mai ba da jini. Wadda ta tsira daga doguwar naƙuda, sau da yawa Babbar Ruga take ƙarewa da yoyon fitsari. Kunyar haihuwar fari ma, da muke yabo, tana hana yarinya faɗin ciwo.

Ajali gaskiya ne, amma ba na yarda a ɓoye sakaci a bayansa. Magungunan tsayar da zubar jini da na jijjiga masu araha ne. Manomin da ya tanadi kuɗin taki tun kafin damina ya san watan haihuwar matarsa. Ya ware buhun masara ɗaya da kaka, ya ba ta izinin fita tun da wuri, ya kuma kai ta kusa da asibiti da zarar wata na tara ya kama.