AIKIN HANNUN UBANGIJI: Itacen Mefil

'Yan'uwa, a wannan wata za mu leƙa Kanada, ƙasar da Rowland Bingham ya taso ya kawo bishara ƙasarmu a 1893. Ganyen da ke kan tutarsu tun 1965 na wani itace ne, mefil.

Itacen nan ba ya son zafi. Sai wurin da sanyi ke daskarar da ruwa, da ƙasa mai zurfi mai laima wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Yakan yi kamar shekara 40 kafin a more shi, yana kuwa iya kai shekara 300.

Wajen watan Maris, in aka yi daskarewa da dare, rana kuma ta narkar, sai a huda jikinsa, ruwa mai zaƙi ya riƙa ɗiga. Lita 40 a kan dafa kafin a sami lita 1 mai kauri kamar zuma.

Ba mutum kaɗai ya ke ciyarwa ba. Da dare saiwoyinsa sukan jawo ruwa daga zurfi su jiƙa ƙasar sama, ƙananan tsiro su sha. Ganyensa ya kaɗe ya zama taki, kurege ya ci 'ya'yansa, tsuntsaye su yi sheƙa.

Mefil ba zai yi a wurinmu ba, gama Allah ya ba kowace ƙasa nata. Namu su ne gawo, da ɗorawa, da kaɗanya. Wanda ya sare ɗorawa domin itacen wuta, ya hana jikokinsa daddawa. Ubangiji ya sa Adamu ya lura da gona, haka mu ma. Daminar bana, bari kowane gida ya dasa ko da ɗaya, ya kuma yi masa shinge saboda awaki.