NAZARI: Yadda RISC-V ya faɗa tsakiyar takaddamar Amurka da Chaina

Kowace ƙwaƙwalwar kwamfuta tana da jerin umarnin da take fahimta, kuma mai mallakar wannan jeri shi ke yanke wanda zai ƙera ta. Intel da AMD ne ke riƙe da tsarin x86, yayin da masu ƙera ƙwaƙwalwar wayoyi ke biyan kamfanin Arm kuɗin lasisi. Tsarin RISC-V, wanda aka fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010, ya sha bamban da su, domin kowa na iya amfani da shi kyauta.

Abin da ya ƙara masa kima shi ne umarnin bekta. Umarni na yau da kullum yana lissafi kan lambobi biyu a lokaci guda, na bekta kuwa yana sarrafa tarin lambobi a bugu ɗaya. Misali, AVX-512 na Intel yana ɗaukar lambobi 16 masu bit 32 a tare. Irin wannan lissafi ne ƙirƙirarriyar basira da sarrafa hotuna suka dogara da shi. An amince da ƙa'idar bekta ta RISC-V a 2021, sannan a 2024 ƙa'idar RVA23 ta wajabta ta ga manyan ƙwaƙwalen wannan tsari.

Ga Chaina, wadda Amurka ta tsaurara wa takunkumin sayen ƙwaƙwale masu ƙarfi tun Oktoban 2022, wannan mafita ce. Tun 2019 Alibaba ya fitar da XuanTie 910 bisa wannan tsari. Shi ya sa a 2023 wasu 'yan majalisar Amurka suka nemi gwamnatin Biden ta taƙaita haɗin gwiwar kamfanonin ƙasar da na Chaina a kansa.

Sai dai hakan na da wuya. Ƙungiyar da ke kula da RISC-V ta koma Suwizalan a 2020, kuma ƙa'idar rubutu ce da kowa ke iya saukewa daga intanet. Idan aka hana injiniyoyin Amurka shiga, za su rasa ta-cewa kan ƙa'idar ne kawai, a bar wa Chaina da Turai da Indiya fagen.

Amma ƙa'ida kyauta ba ta ƙera ƙwaƙwalwa. Har yanzu TSMC na Taiwan ne ke kan gaba wajen ƙera mafi inganci, da injinan ASML na Holan, kuma a nan takunkumin Amurka ya fi yi wa Chaina illa.