"Ban San Inda Yake Ba" Ba Ta Biyan Bashi

Kai da ka karɓi kayan mutum bashi, ka sauya lambar waya, yau kuma kake shelar ka tuba amma wai ba ka san inda yake ba, wa kake yaudara? Laifin da ke tsakaninka da Allah, nadama da dainawa da ƙudurin ba za ka koma ba sun wadatar. Haƙƙin ɗan Adam kuwa sai an mayar. Shahidi ma, a hadisin da Muslim ya ruwaito, ana yafe masa komai ban da bashi. Kai da ko ƙwarzane ba ka samu ba, da jan carbi za ka tsallake?

Ka neme shi tukuna. Da kai ke bin sa kuɗin, da tuni ka gano garinsu, ka gaisa da mai unguwarsu, ka tambayi direbobin tasha, ka tono shi a Facebook. In ya rasu, kuɗin na magadansa ne, kuma marayu ba sa buƙatar hawayenka, kuɗin ubansu suke buƙata.

Sai nema ya ƙure ake maganar sadaka. Abdullahi ɗan Mas'ud ya sayi baiwa, mai ita ya ɓace kafin a biya shi. Shekara guda yana cigiyarsa, sannan ya riƙa raba kuɗin ga mabuƙata da sunan mutumin, da niyyar in ya bayyana ya ƙi yarda, zai biya shi, ladan ya dawo kansa. Bukhari ya kawo labarin. Ka lura, da sunan mutumin. Amma kai ka ɗauki kuɗin wani ka kai gidauniyar ginin masallaci, a kira sunanka a lasifika, jama'a na kabbara, kana murmushi. Alhaji, ka ci kuɗinsa, yanzu kuma ladansa kake son ci?

Mai tauye mudu da ba zai iya tuna fuskokin masu saye ba, ya ƙiyasta abin da ya danne, ya rinjayar da lissafin wajen yawa, ya fitar a madadinsu. Wanda ya ci naman wani kuwa, kuɗi ba sa wanke wannan. Ya nema masa gafara, ya koma majalisar da ya ɓata shi, gaban mutanen da suka ji, ya ƙaryata kansa da bakinsa.