Shayi da Launin Haƙora



Duk wanda ya daɗe yana shan shayi da kofi ɗaya ya san yadda cikin kofin ke yin ja-ja, har soso da sabulu su kasa fitar da shi cikin sauƙi. Wasu kuma in sun duba madubi sai su tarar haƙoransu sun soma ɗaukar wannan launi, musamman a tsakankaninsu da kusa da dasashi. Daga nan zullumi ke shigowa. In shayi yana rina tangaran da haƙori haka, me yake yi wa ciki, da hanji, da ƙoda?

Bari mu fara kwantar da hankalin mai wannan tambaya. Ganyen shayi yana ɗauke da wasu sinadarai da ake kira tanin, su ne ke ba shi wannan baurin da ke kama harshe idan ya daɗe a wuta. Shi kuwa haƙori, kullum akwai wani siririn shafe da yawu ke barin masa a bayansa, kuma a jikin wannan shafen tanin ke mannewa, yau kaɗan gobe kaɗan, har launi ya fito. Rini ne na waje, bai ratsa haƙori ba, bai kuma huda shi ba. Likitan haƙori yana iya goge shi a zama ɗaya. Cikin hanji kuwa ba ya riƙe irin wannan launi, domin fatarsa tana zubewa tana sabuntawa cikin 'yan kwanaki.

Baƙin shayi ya fi koren shayi rini, saboda ana barin ganyensa ya sha iska har ya yi duhu kafin a busar da shi. Madara kuma tana rage rinin, domin furotin ɗin da ke cikinta yana kama tanin tun a cikin kofi. Ke nan mai shan ruwan bunu ya fi mai shan kauri saurin ganin canji. In kuwa an haɗa da goro da taba, to shayi ƙaramin mai laifi ne a wannan baki. Ko da yake ma, ba a yi nisa ba da lokacin da iyayenmu mata ke goga furen taba a haƙora, su bi da goro, don su yi ja. A lokacin ado ne, babu wanda ya kira shi cuta.

Inda ɓarna take farawa shi ne wajen neman fari. Za ka ji ana cewa a dirje da gawayi, ko toka, ko gishiri, ko a matsa lemon tsami a kan buroshi. Haƙori zai yi haske a makon farko, gaskiya ne. Sai dai abin da ake kankarewa ba rinin kaɗai ba ne, har da farin ɓawon haƙorin. Tsamin lemo yana tausasa shi, gawayi da toka su goge shi, kuma wannan ɓawo idan ya tafi ya tafi ke nan, jiki ba ya sake yin wani. Abin da ke ƙarƙashinsa kuwa rawaya ne. Sai mutum ya wayi gari haƙoransa sun fi da rawaya, ga tsami da zarar ya sha ruwan sanyi, ga shi kuma sun fi saurin ɗaukar launi saboda sun yi kaushi. Kurkure baki da ruwa bayan an sha shayi, da asuwaki ko buroshi da man goge baki safe da dare, sun wadatar wa yawancin mutane.

A ganina, masu sauraro, mun tsaya kallon launi mun bar cokali. Je ka teburin mai shayi da safe ka ƙirga sukarin da ke shiga kofi ɗaya, ka ƙara da madarar gwangwani mai zaƙi, ka ƙara da Milo ko Bournvita. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a rana, ta kuma ce in an rage shi zuwa ƙasa da kashi 5 ya fi. Ga babban mutum, kashi 5 ɗin nan wajen giram 25 ne, wato ƙaramin cokali shida. Kofi ɗaya na haɗin kauri yana iya cinye wannan kason tun rana ba ta yi zafi ba. Kuma sukari shi ne abincin ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki. Suna cinsa, suna fitar da tsami, tsamin ya riƙa cin haƙori har ya yi kogo. Yawan kurɓa ma ya fi yawan sukarin illa ga haƙori. Matasan da ke zama a fada a Damagaram ko Maraɗi, buta a kan gawayi, ana zagayawa da shayin Buzaye na farko da na biyu da na uku, kowanne da sukarinsa, haƙoransu suna shafe awanni cikin tsami ba tare da yawu ya sami sararin wanke su ba.

Sai zafi. Akwai masu ganin in shayi bai ƙona leɓe ba to bai yi ba. A 2016 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya abin sha mai zafin da ya haura digiri 65 a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo dajin maƙoshi. Cikin hujjojin akwai binciken da aka yi a lardin Golestan na ƙasar Iran, inda ake shan shayi da zafinsa kuma cutar ta yi yawa. Maganin wannan ba ya buƙatar ko sisi: a bar kofi ya huce na 'yan mintoci. Mai shayin da ke sheƙa shi daga kofi zuwa kofi yana yi maka alherin da ba ka sani ba.

Tanin ɗin da muka wanke daga zargin rina hanji yana da nasa laifin a wani wajen. Yana kama sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci, ya hana jiki tsotsarsa. Tun 1975 masu bincike a Afirka ta Kudu suka nuna haka. Abin ya fi shafar ƙarfen da ke cikin wake, da zogale, da alayyafo, da hatsi, wato abincin talaka; na nama bai cika taɓuwa ba. Namiji lafiyayye mai cin nama ba zai ma lura ba. Amma mai juna biyu, da mai shayarwa, da yaro ƙarami, da duk wanda aka ce masa jininsa ya yi ƙasa, su ne ya kamata su raba shayi da abinci da tazarar kamar awa guda. Ƙwayar ƙarin jinin da ake bayarwa wajen awon ciki kuwa, da ruwa ake haɗiye ta, ba da shayi ba.

Akwai kuma sinadarin fuloraid, wanda itacen shayi ke zuƙa daga ƙasa ya tara a ganye. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. Kafin shayi kaɗai ya kai shi ga cutarwa sai an wuce gona da iri sosai, kamar wata mata a jihar Mishigan ta Amurka da likitoci suka ba da labarinta a 2013, wadda ta shekara 17 tana jiƙa ƙunshin shayi 100 zuwa 150 kowace rana, har ƙasusuwanta suka lalace.

A wajenmu, hanyar da wannan sinadari ya fi shigowa ita ce rijiya. Mutanen Tibirin Gobir a jihar Maraɗi sun ga haka da idonsu, lokacin da ruwan wata rijiyar burtsatse da aka haƙa a shekarun 1980 ya bar ɗaruruwan yara da jajayen haƙora da lanƙwasassun ƙafafu. A Langtang ta jihar Filato da Kaltungo ta jihar Gombe ma an san wannan tabo. Shi ba a bayan haƙori yake ba, a cikinsa yake, tun haƙorin yana tsirowa a dasashi, don haka asuwaki ba ya taɓa shi. Idan yaran unguwa guda, waɗanda ba su san ɗanɗanon shayi ba, suka riƙa fitar da haƙora masu ɗigon fari kamar alli ko tabo ruwan ƙasa, a ɗebi ruwan da suke sha a kai a auna. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram ɗaya da rabi a kowace lita.