Abin Da Ya Sa Mota Mai Injin Wankel Ta Ke Shan Mai

Ran 1 ga watan Fabrairu, 1924 ba wanda ya san injin Wankel, don mai shi yana saurayi, yana ta zane-zane a takarda tukuna. Shekara ɗari daidai bayan haka, watau ran 1 ga Fabrairu, 2024, kamfanin Mazda na birnin Hiroshima, ƙasar Japan, ya sake kafa ƙungiyar injiniyoyi 36 waɗanda ba su da wani aiki sai binciken wannan inji. Kafin nan, cikin watan Oktoba, 2023, kamfanin ya kai samfurin wata motar gudu mai suna Iconic SP wurin nunin motoci na Tokyo, ya ce irin wannan inji ya ke nufin sa mata. Masu sha'awar motoci suka yi ta murna. Amma waɗanda suka taɓa riƙe irin motar nan tambaya guda suka yi, wai shin an sami maganin shan man nata?

Tambayar tana da tushe, don shan mai yana cikin abubuwan da suka sa kamfanonin da suka rungumi injin nan suka watsar da shi, ɗaya bayan ɗaya. Abin da mu ke so mu nuna wa masu karatu shi ne, yawancin shan man nan ba lalacewa ba ce da makaniki zai gyara. Yana cikin ƙirar injin kanta. Siffar da ta ba shi ƙanƙanta da laushin tafiya ita ce kuma ta ba shi ƙishirwa.

Yadda injin ya ke

Injin mota da kowa ya sani yana da fistin mai hawa da sauka cikin silinda. Injin da Bajamushen nan Felix Wankel ya ƙago ba shi da fistin, ba shi da bawul. Abin da ke cikinsa wani dunƙulen ƙarfe ne mai kusurwa uku, ana ce da shi rota, yana juyi cikin wani gida mai kama da kwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu. Kusurwoyin nan uku kullum suna gogar bangon gidan, saboda haka sun raba cikinsa ɗaki uku. Rota na juyawa, kowane ɗaki na buɗewa yana tsukewa: ya shaƙi iska da fetur, ya matse su, fulogi ya kunna musu wuta, sa'an nan ya fitar da hayaƙi.

An fara tayar da injin a 1957, a kamfanin NSU na Jamus. Mazda, wanda a lokacin a ke kira Toyo Kogyo, ya sayi iznin ƙera shi a 1961, ya fitar da motarsa ta fari mai wannan inji, mai suna Cosmo Sport, a 1967. Daga baya RX-7 ta fito a 1978, ta yi zamani har 2002, RX-8 ta gaje ta daga 2003 zuwa 2012. A 1991 kuwa wata motar Mazda mai rota huɗu, 787B, ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, ita ce motar Japan ta fari da ta yi haka. Ashe dai ba a kan ƙarfi ko gudu a ke kukan injin ba.

Nawa ya ke sha?

Bari mu ɗauki RX-8, tun da ya ke ita ce motar gudu ta ƙarshe da aka sayar da wannan inji. Hukumar kiyaye muhalli ta Amurka ta auna ta, ta ce mai giyar hannu tana yin mil 16 da galan guda cikin gari, mil 22 a babbar hanya. Watau kamar kilomita 7 ke nan da lita guda cikin gari, kilomita 9 da 'yan kai a kan hanya. Ƙarfinta doki 232 ne. To, ku dubi Nissan 370Z, tsararta, mai silinda shida da ƙarfin doki 332. Ita mil 18 ta ke yi cikin gari, 26 a hanya. Ta fi ta ƙarfi da doki ɗari, ta kuma fi ta tattalin mai. Ina dalili?

Lissafin girman injin yana ruɗi

Na farko, a takarda an rubuta girman injin RX-8 lita 1.3, watau rota biyu, kowace cc 654. Mai saye ya ga haka sai ya zaci ƙaramin inji ne irin na motar kai yara makaranta. Ba haka ba ne. Silindar fistin sau ɗaya ta ke cin wuta cikin juyi biyu na sandar inji. Rota kuwa kowane juyi guda na sandar sai ta ci wuta sau ɗaya. Saboda haka iska da fetur da injin nan ya ke haɗiya cikin juyi guda daidai su ke da na injin fistin mai lita 2.6. Wanda ya gwada shi da inji mai lita 1.3 ya auna da mudun da ba nasa ba.

Zafi yana tserewa ta bango

Na biyu, kuma shi ne babba, siffar ɗakin da wuta ke ci. Aikin kowane inji shi ne ya mai da zafin fetur ya zama turi. Duk zafin da ya shige bangon inji ya tafi cikin ruwan lagireto, an biya kuɗinsa amma bai tura mota ko taku guda ba. A injin fistin ɗakin wutar dunƙulalle ne, bangonsa kaɗan. A injin Wankel dogo ne, siriri, shimfiɗaɗɗe kamar jinjirin wata, bangonsa da yawa, cikinsa kaɗan. Kowa ya san kunun da aka zuba a faffaɗan tire ya kan riga na cikin kofi hucewa. Haka zafi ke zurarewa daga ɗakin nan tun bai gama aikinsa ba. Ba makanikin da zai gyara wannan, don in an sake siffar ɗakin, an sake injin ke nan.

Wuta ba ta cinye fetur duka

Na uku, ɗakin nan ba tsaye ya ke ba, tafiya ya ke yi tare da rota. Iska da fetur suna kwarara gaba, wutar da fulogi ya kunna tana bin su da sauƙi, amma komawa baya zuwa matsattsen lungun da ke wutsiyar ɗakin ya kan yi mata wuya, ga kuma sanyin bango yana kashe ta. Fetur ɗin da ya maƙale a lungun nan sai ya fita ɗanye ta salansa. Don haka ne Mazda ya sa wa kowace rota fulogi biyu, na gaba da na baya, a motar tseren Le Mans har uku. A RX-8 kuma aka ɗauke ƙofofin hayaƙi daga bangon kewaye aka mai da su gefe, don a rage ɗanyen man da ke fita. An rage, amma ba a kawar ba. Shi ya sa a 2010 aka daina sayar da motar a Turai, don ta kasa cika sabuwar dokar hayaƙi da a ke kira Euro 5.

Matsi, da yoyo, da son gudu

Na huɗu, gwargwadon yadda inji ya matse iska da fetur kafin wuta ta kama, gwargwadon amfanin da zai fitar daga kowane ɗigo. Siffar rota ta sa wa matsin iyaka. Na RX-8 kashi 10 ne bisa 1, alhali tun 2011 Mazda ɗin nan da kansa yana ƙera injin fistin mai matsi 14 bisa 1.

Na biyar, yoyo. A bakin kowace kusurwa ta rota akwai wani siririn ƙarfe mai aikin ringin fistin, shi ke tsare tsakanin ɗaki da ɗaki. Ringi zagaye ya ke, yana zaune daram cikin silinda. Wannan kuwa da tsininsa kaɗai ya ke taɓa bango, yana kuma gudu a kansa ba hutawa. Ko injin sabo ne akwai ɗan matsin da ke sulalewa, musamman in yana juyi a hankali. A farkon bincike ƙarfen nan ya riƙa karce bangon har injiniyoyin Mazda, ƙarƙashin shugabansu Kenichi Yamamoto, suka sa wa karcen suna farcen Shaiɗan. Don kada ya ƙone, da gangan injin ke ɗiga baƙin mai cikin ɗakin wuta. Saboda haka mai irin motar nan fetur ya ke saye, yana kuma ƙara baƙin mai a kai a kai, ba don ta lalace ba.

Na shida, injin ba shi da ƙarfin ja in yana juyi a hankali. Na RX-8 ba ya nuna cikakken ƙarfinsa sai ya wuce juyi 8,000 a minti guda. Direba dole ya riƙa taka totur yana jan giya kafin motar ta yi kuzari, kuma da ya ke injin ba ya jijjiga, ba ya kuka irin na fistin, sai mutum ya yi ta taka shi bai sani ba. Cikin cunkoson gari, inda a ke tsayawa a tashi, nan ne ya fi ɓarna.

Abin da shan man ya jawo

Cikin watan Oktoba, 1973, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana wa Amurka da waɗansu ƙasashe mai. Kafin 'yan watanni gangar da a ke saye wajen dala 3 ta kai kusan dala 12. Motocin Mazda suka yi kwantai a Amurka, kamfanin ya kusa durƙushewa, sai da bankin Sumitomo ya tallafe shi. General Motors, wanda ya kashe kuɗi mai yawa wajen sayen izni, ya jingine shirinsa a 1974, bai sake komawa kansa ba. Citroën na Faransa ya ƙera GS Birotor ƙasa da dubu guda, ya daina, har ya bi yana sayen waɗanda ya sayar yana rushewa. NSU kuwa, wanda gyaran injunan Ro 80 ya riga ya tsiyata, tun 1969 Volkswagen ya haɗiye shi, aka daina motar a 1977. Mazda kuwa ya dage. Ya sa wa kansa alkawarin rage shan man da kashi 40 cikin ɗari, ya kuwa cika, daga nan RX-7 ta fito. Duk da haka bai kamo injin fistin ba, don su ma masu fistin ba barci su ke yi ba.

Wanda hali ne, da wanda ciwo ne

Duk abin da muka lissafa hali ne, hali kuwa zanen dutse. Amma akwai shan man da ke zuwa daga baya, wanda ya ke ciwo ne mai magani, ya kamata a rarrabe su. In motar ta sauka ƙasa da abin da aka auna mata ƙwarai, sai a fara duba fulogi da kwayil, don a injin nan sun fi saurin gajiya, tun da kowane juyi sai sun ba da wuta. In wutar ta raunana, ɗanyen fetur ya kan wuce ya ƙone matatar hayaƙi da ke cikin salansa, ta toshe, injin ya shaƙe. A duba na'urar da ke auna iska cikin hayaƙi, don in ta yi ƙarya kwamfutar motar sai ta yi ta ƙara mai. A duba kuma abin da ke tsare ruwan lagireto har inji ya yi ɗumi. In ya maƙale a buɗe, ko an cire shi, injin ba zai yi zafi sosai ba, inji mai sanyi kuwa ya fi shan mai. Gajeriyar tafiya ma haka ta ke yi, har in aka kashe injin da sanyinsa ya kan cika da fetur ya ƙi tashi. Daga ƙarshe a auna matsin kowace fuska ta rota da ma'aunin da aka yi don wannan inji. In matsin ya faɗi, ƙarafan kusurwa sun cinye, ba sauran dabara sai a sauke inji.

Ina aka dosa?

Abin da Mazda ya yi a 2023 ya isa amsa. Sa'ad da ya komo da injin cikin motar MX-30 R-EV, bai haɗa shi da ƙafafun mota ba ko kaɗan. Rota guda ce mai cc 830, aikinta ta juya janareta ta cika batir, lantarki ne ke tura motar. Batirin shi kaɗai yana kai ta wajen kilomita 85 kafin a bukaci injin. An ƙara masa matsi zuwa 11.9, an kuma sa fetur yana fesuwa kai tsaye cikin ɗakin wuta. Watau kamfanin da ya fi kowa sanin injin nan ya yarda amfaninsa yana ga ƙanƙanta da rashin nauyi, ya kuma ɗauke masa aikin da ya fi ba shi wuya, na tashi da tsayawa cikin gari. A ganinmu duk motar gudun da za ta fito nan gaba da injin Wankel, in ba ta bi wannan hanya ba, dokokin hayaƙi da tsadar mai za su yi mata abin da suka yi wa RX-8.

Saura jan kunne ga namu. Tsofaffin motocin nan su kan faɗi kuɗi a ƙasashensu, don masu su sun gaji da su, jefi-jefi kuma a kan ga ɗaya cikin na hannu da a ke shigowa da su. Tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya cikin watan Mayu, 2023, lissafin ya sake. Akawu ko malamin makaranta da ke tafiyar kilomita 1,000 a wata cikin gari zai sayi wajen lita 145 da RX-8 lafiyayya, alhali motar da ke yin kilomita 12 da lita, lita 83 za ta ishe ta. Bambancin lita 60 ke nan kowane wata, ban da baƙin mai, ban da wuyar samun makanikin da ya taɓa buɗe irin injin. Wanda ya ke da hali, ya kuma san abin da ya ke saye, ba mu hana shi ba, mota ce mai daɗin tuƙi. Amma ya tuna, kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.